Tawadar gawayi a cikin firinta: Abin da ya kamata a sani kafin a raba na'ura da tawadar kamfaninta

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin gwamnati a Abuja ya san irin hotunan nan da ake jerawa a bangon ɗakin taro, na tsofaffin manyan sakatarori ko shugabannin hukuma, kowa a cikin firam ɗinsa. Sau da yawa hoton wanda ya bar kujera tun zamanin soja, wanda aka wanke a ɗakin duhu, yana nan garau, baƙinsa baƙi, farinsa fari. Na wanda ya sauka shekaru kaɗan da suka wuce kuwa, wanda aka buga da firinta, ya soma rikiɗewa zuwa kore-kore ko ja-ja, kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo.

Galibi laifin na tawada ne. Wannan ne ya sa tun ƙarshen shekarun 1990 wasu masu sana'ar hoto, musamman a Amurka, suka ɗauki wata hanya mai kama da kasada: su zare tawadar launi da kamfani ya sa wa firinta, su zuba mata tawadar baƙi da toka zalla da wasu ƙananan kamfanoni ke haɗawa. Hanyar na da riba, tana kuma da asara, kuma ya kamata mai niyyar binta ya san duka biyun.

Me ke sa baƙi da fari ya rikiɗe?

Firintar hoto ta yau da kullum na ɗauke da tawada huɗu zuwa shida: baƙa, shuɗiya, ja mai garin shunayya, rawaya, wani lokaci da shuɗiya da ja masu haske. Idan aka ce ta buga hoton baƙi da fari, ba ta da launin toka na gaskiya, sai ta gauraya launukan nan don ta kwaikwaye shi. Ƙaramin kuskure a awo ya isa ya sa fuskar mutum ta yi kore. Ko da awon ya daidaita, hoton kan canja kama gwargwadon hasken da ke ɗakin: a hasken rana ya yi wani launi, a ƙarƙashin dogon ƙwai na ofis ya yi wani. Ƙari a kan haka, launukan ba sa koɗewa tare. Da zarar ɗaya ya riga sauran dusashewa, tokar ta lalace.

Idan kuma aka tilasta wa na'urar amfani da baƙar tawada kaɗai, sai wata matsalar ta ɓullo. Don ta nuna wuri mai haske, kamar farar babbar riga ko gajimare, sai ta warwatsa ɗige-ɗigen baƙi nesa da juna, hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa.

Dabarar toka bakwai

Maganin da aka gano mai sauƙin fahimta ne: a cika kowace kafar tawada da toka mai zurfi daban-daban, daga baƙi ƙirin zuwa wadda ta kusa zama ruwa. Da haka, wuri mai haske zai samu cikakken feshi na toka mai haske, ba ɗige-ɗigen baƙi ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Jon Cone, mai ɗakin buga hotuna a jihar Bamont ta Amurka, wanda ya fito da tsarin Piezography a farkon shekarun 2000. Ya fara da toka huɗu, daga baya ya kai bakwai a tsarin da ake kira K7. Kamfanin MIS ma ya sayar da irin tasa, wadda mai ɗaukar hoto Paul Roark ya taimaka wajen tsara ta, ciki har da baƙar tawadar Eboni. Shi kuwa Roy Harrington, manhaja ya rubuta mai suna QuadToneRIP, wadda ke gaya wa firinta yawan tawadar da kowace kafa za ta fesa.

Ginshiƙin irin wannan tawada shi ne garin kabon, wato ɗan'uwan gawayi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tawadar da almajiri ke rubutu da ita a allo, gawayi ne da ƙaro. Rini narkewa yake yi a ruwa, haske kuma na cin sa a hankali. Garin kabon kuwa zama yake a kan takarda, rana ba ta cika yi masa komai ba. Abin da ya bambanta ta firinta shi ne an niƙa garin ya yi laushin da zai bi ta ƙofofin da suka fi gashin kai siranta.

Kusan duk wannan sana'a a kan firintocin Epson aka gina ta, domin kan feshinsu na tura tawada ne ta hanyar motsin wani ɗan sinadari da lantarki ke lanƙwasawa, ba tare da zafi ba. Yawancin na Canon da HP kuwa ɗumama tawadar suke yi har ta yi kumfa ta fita, don haka ba kowace tawada suke jurewa ba.

Su ma manyan kamfanonin ba su zauna ba. A 2005 Epson ya fitar da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi da toka biyu, a na'urori irin su R2400. Ga mutane da yawa wannan ya wadatar, kuma duk wanda firintarsa ke da irin wannan tsari ya fara gwada shi kafin ya kashe ko kwabo.

Abin da sauyin ke buƙata

Abu na farko da za a sani shi ne, firintar da aka mayar ta baƙi da fari ta yi bankwana da launi, sai dai in an sake wanke ta an dawo da tsohuwar tawada, aikin da ke cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa masu yin haka kan ware na'ura guda don wannan aiki kawai.

Na biyu, wanki. Dole a fitar da tsohuwar tawada daga bututu da kan feshi da ruwan wanki na musamman, domin haɗuwar tawada biyu da ba sa jituwa na iya daskarewa ta toshe ƙofofi. Ragowar rawaya ko ja kuma za ta riƙa ɓata tokar har tsawon kwanaki. Wankin na cika soson da ke tsotse tawadar da aka zubar a cikin na'urar, wanda in ya cika firinta kan tsaya cak.

Na uku, manhaja. Wadda ta zo da firinta tana zaton har yanzu akwai shuɗi da rawaya a ciki, don haka sai an koma irin su QuadToneRIP, an kuma zaɓi ma'aunin da ya dace da takardar da za a yi amfani da ita. Ana buga jerin matakan toka 21, daga fari zuwa baƙi, a duba ko kowane mataki ya bambanta da maƙwabcinsa. Tawadar kabon ta fi kyau a takardar auduga marar sheƙi. Mai sheƙi na buƙatar wata baƙar tawada daban, wani lokaci har da ruwan shafe a sama.

Na huɗu, kulawa. Gari na kwantawa a ƙasan mazubi, saboda haka sai ana girgiza shi. Firintar da aka bari makonni ba aiki kan toshe, kuma a lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙura ke shiga ko'ina, haɗarin ya fi yawa. A rufe na'ura, a riƙa buga gwajin ƙofofi aƙalla sau ɗaya a mako, a kuma haɗa ta da batirin ko-ta-kwana, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na barin kan feshi a buɗe ya bushe.

Garanti, doka da dukiyar gwamnati

Kamfanonin firinta na samun kaso mai tsoka na ribarsu daga sayar da tawada, shi ya sa suke maƙala wa mazubin tawada ɗan guntun lantarki da ke tantance shi. A 2016, wani sabunta manhaja ya sa firintocin HP da dama suka daina karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba, lamarin da ya jawo ƙorafi da ƙararraki. A 2017 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lexmark cewa kamfani ba zai yi amfani da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake cika mazubin da ya riga ya sayar ba. Sai dai wannan hukunci na Amurka ne. A nan gida, dila na iya ƙin gyara kan feshin da ya lalace idan ya ga baƙuwar tawada a ciki, kuma kuɗin sabon kai kan kusa kamo na sabuwar na'ura. Wanda ya sauya tawada ya kashe sabunta manhajar firinta na kai-tsaye.

Ga ma'aikaci ko hadimin da ke kula da sashen yaɗa labarai, akwai ƙarin gargaɗi. Firintar ofis dukiyar gwamnati ce da ke cikin rajistar kaya. Sauya mata tawada ba tare da izini a rubuce ba na iya zama dalilin takardar tuhuma ranar da ta lalace. Haka kuma, tawadar arha da ake durawa a kasuwa, wadda galibi rini ce, ba ita ake magana a kai ba; tawadar kabon ta gaskiya da dala ake sayo ta.

Wa ya dace ya yi?

Wanda aikinsa bai wuce fasfo, katin gayyata da hotunan taro ba, ba shi da buƙatar wannan wahala. Amma ga sashen adana tarihi, ɗakin karatu na ma'aikata, ko mai sana'ar da ke sabunta tsofaffin hotunan iyali, lissafin ya sha bamban. Hoton kaka guda ɗaya da ya rage a gida, ko na ranar da aka buɗe wata hukuma, ba abin da za a so a riƙa sake bugawa ba ne duk bayan 'yan shekaru, musamman da yake fayil ɗin asali kan ɓace tare da kwamfutar wanda aka yi wa canjin wurin aiki.

Shawarar ita ce a fara da tsohuwar firinta mai lafiya wadda garantinta ya ƙare, a buga hoto guda da tawadar kamfani da kuma ta kabon, a jingina su kusa da taga na wata uku, sannan a yanke hukunci.