Horon ɗan kwikwiyo don farautar gadu

Gadu dabbar daji ce mai kama da alade. Wasu na ce masa gyado, wasu kuma mugun dawa. Da faransanci sunansa « phacochère ». A ƙasar Nijar an fi samunsa a kudu maso yamma, inda daji yake da duhu, kamar gandun dajin W da kewayensa.

Gadu yana da ƙaton kai da haure huɗu. Biyu na sama sun lanƙwashe, biyu na ƙasa gajeru ne amma suna da kaifi kamar wuƙa. Babban namiji yakan kai kilo 100. In zai ci abinci sai ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba. In ya tsorata sai ya ɗaga wutsiya tsaye, ya sheƙa da gudu. Gudunsa yakan kai kilomita 50 a awa guda.

Ciyawa da saiwoyi su ne abincinsa. Amma in gona tana kusa da daji, yakan shiga ya tone rogo da dankali da gujiya, ya karya hatsi. Garke guda yana iya ɓata wahalar manomi ta damana ɗungum. Musulmi ba su cin namansa. Saboda tsaron gona ne manoma da yawa suke neman taimakon mafarauci da karnukansa.

Karen farauta ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka horon kare yake.

Zaɓen kwikwiyo

Ana haihuwar kwikwiyo idonsa a rufe. Sai bayan kwana 10 zuwa 14 yake buɗe ido. Mafarauci ba ya raba shi da uwarsa sai ya yi wata 2. Yakan zaɓi ɗan karyar da ta iya farauta. Yakan duba mai lafiya, mai kuzari, wanda ba ya ɓoyewa in ya ji motsi, wanda kullum hancinsa yana ƙasa yana sunsune-sunsune.

Abinci da lafiya

Kwikwiyo yana cin abinci sau uku ko sau huɗu a yini: tuwo da nono da ɗan nama. Ana ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa. Ana cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki. In ya yi wata 3, sai a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Wannan ciwo yana kashe kare, yana kuma kashe mutum. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a kai shi likita nan da nan.

Darasin farko: jin kira

Mafarauci yana sa wa kwikwiyo suna gajere, kamar Duna. Yana kiran sunan, yana yin fito. In kwikwiyon ya zo, sai ya shafa kansa, ya ba shi ɗan abinci. Kullum haka, safe da marece, na ɗan lokaci kaɗan. Ba a dukansa. Karen da ya saba da duka tsoro yake koya, in an kira shi sai ya gudu. Wannan darasi ya fi kowane muhimmanci, domin wata rana kiran ne zai ceci ransa.

Darasi na biyu: barin dabbobin gida

Ɗan kwikwiyo yana son bin duk abin da ya motsa. Saboda haka ake ɗaura masa igiya, a ratsa da shi cikin awaki da tumaki da kaji. In ya zabura, sai a ja igiyar, a tsawata masa. In ya wuce bai kula su ba, sai a yaba masa. Karen da ya kama akuyar maƙwabci ya jawo wa ubangidansa biya da faɗa.

Darasi na uku: bin sawu

Hancin kare ya fi na mutum jin wari nesa ba kusa ba. In kwikwiyo ya kai wata 5 ko 6, mafarauci yakan samo guntun fatar gadu, ya ba shi ya sunsuna. Sai ya ɗaura fatar a igiya, ya ja ta bisa ƙasa, ya ɓoye ta bayan wani icce. Kwikwiyo yana bin warin har ya gano ta. Ran farko taki 20 ya isa. Sannu a hankali ana ƙara nisa, ana karkata hanyar. An fi yin wannan da sassafe, lokacin da ƙasa take da sanyi, wari bai watse ba.

Darasi na huɗu: bin manya

In ya kusa shekara guda, ƙashinsa ya yi ƙwari, sai a fara fita daji da shi tare da tsofaffin karnuka. Da farko yana riƙe a igiya, kallo kawai yake yi. A nan yake ganin yadda manya suke kewaye gadu, suna haushi daga nesa, suna tsare shi har mafarauci ya iso. Aikin kare ke nan: ya gano, ya yi haushi, ya tsare. Kamawa ba tasa ba ce. Ƙaramin karen da ya faɗa wa gadu gaba da gaba, haure ɗaya ya isa ya farke masa ciki.

Akwai wani haɗari kuma. Gadu yana kwana cikin rami, sau da yawa tsohon ramin dabgi. Da baya yake shiga, kansa da haurensa suna fuskantar ƙofa. Karen da ya cusa kai cikin ramin ya gamu da kaifi. Shi ya sa mafarauci yake kiran karensa da zarar gadu ya shige rami. Karen da ya koyi jin kira tun yana ƙarami sai ya dawo da ransa.

Kare ba ya yin gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa. Don haka ba a sa shi gudu da tsakar rana, kuma mafarauci ba ya mance gorar ruwa.

Farauta da doka

Namun daji dukiyar ƙasa ne. A shekarar 1954 aka mai da dajin W gandun da aka hana farauta a cikinsa. A shekarar 1998 kuma Nijar ta kafa dokar da ta tsara farauta da kiyaye namun daji. Kafin mafarauci ya fita, yakan je wurin ma'aikatan gandun daji ya ji abin da aka yarda da abin da aka hana. Mafarauci na ƙwarai ba ya sa wa daji wuta, ba ya kashe uwa mai ƴaƴa. Sau da yawa ma haushin karnuka kaɗai ya isa ya kori gadu daga gona. Farautar gadu aikin manya ne, ba a zuwa da yara.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoma suke neman taimakon mafarauci?
2. Wata nawa kwikwiyo yake yi kafin a raba shi da uwarsa?
3. Don me ba a dukan kwikwiyo lokacin horo?
4. Yaya gadu yake shiga rami? Wane haɗari ke nan ga kare?
5. Me ya kamata wanda kare ya ciza ya yi?

Aiki

Ku rubuta darussan nan huɗu bi da bi a cikin littafinku. Ku zana gadu yana gudu, ku rubuta sunansa da hausa da faransanci.