Ƙarfen Da Ke Cikin Kanwa

Da aka ba mu hutu na bar Birnin Kebbi na koma gida Argungu, sai mahaifina, wanda sana'arsa su ce, ya tambaye ni abin da ake koya mana. Na ce, "Baba, a cikin kanwar da Inna take jefawa a wake akwai ƙarfen da in ya taɓa ruwa sai ya narke yana huci." Ya yi dariya ya ce, "In irin wannan ake koya muku, gara ka dawo mu shiga jirgi." Maganar ta dame ni ƙwarai, don haka na zauna na tsara masa bayani. Ga shi nan na kawo muku, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

A jadawalin sinadarai, rukuni na ɗaya shi ne na ƙarafan alkali. Ba alƙalin kotu ake nufi ba, kalmar daga Larabci take, ma'anarta toka. A cikinsu akwai sodiyam na cikin kanwa da gishiri, irin wanda fatake suka daɗe suna kawowa ƙasar Kabi daga Dallol Foga, da kuma fotasiyam na cikin ruwan toka. Rukuni na biyu kuwa akwai magnesiyam, da kalsiyam na cikin ƙayar kifi da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina. Wani Bature mutumin Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware sodiyam da fotasiyam a 1807, kalsiyam da magnesiyam kuma a 1808.

Gani ya kori ji. Malaminmu ya ciro sodiyam daga cikin kananzir, ya yanki ɗan mitsitsi da wuƙa kamar sabulu, ya jefa a ruwa. Nan take ya dunƙule ya yi ta zagaya kwano har ya ɓace. Kalsiyam kumfa kurum ya yi a hankali, magnesiyam kuwa da ƙyar ya nuna alama. To, me ya kawo haka?

Dalili na farko shi ne yawan ilektiron na bayan atom. Sodiyam yana da 11, an jera su 2, 8, 1. Magnesiyam yana da 12, wato 2, 8, 2. Kowane ɗayansu sai ya rabu da na waje kafin ya haɗu da wani sinadari. Wannan ɗaya zai bayar, wancan biyu.

Na biyu shi ne ƙarfin riƙo. Cibiyar sodiyam furoton 11 gare ta, ta magnesiyam 12, saboda haka magnesiyam ya fi janyo nasa kusa. Kafin a raba sodiyam da nasa ana bukatar kilojul 496 a kowane mol. Magnesiyam kuwa na farko 738 ne, na biyu 1451.

Na uku, sodiyam yana narkewa a digiri 98, magnesiyam sai 650. Zafin haɗuwarsa da ruwa ya isa ya narkar da shi, kullum sabon jiki yake ba ruwan. Magnesiyam kuwa wani farin ɓawo ne yake rufe shi ya tare ruwan.

Da na ga lissafin bai shigi Baba ba, sai na ce ya ɗauka mutum ne da akuya ɗaya a doguwar igiya, maƙwabcinsa kuma da biyu a gindin turke, kuma in an kwance ɗaya sai ya ƙanƙame ta biyun. Wa za a fi saurin raba shi da dabbarsa? Ya ce, "Mai doguwar igiya mana. Amma me ya hana kanwar uwarka yin huci a tukunya?" Na ce ai sodiyam ɗin cikinta ya riga ya ba da akuyarsa tun tuni, ba shi da sauran abin bayarwa. Shi ya sa ba a taɓa tsintar tsuran ƙarfen a ƙasa.

Ya yi shiru, can ya ce wa Inna ta ƙulla mini busasshen kifi na komawa makaranta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.