Shugabanci Ba Bulala: Yadda Masu Aikin Sa-kai Ke Fitar da Babbar Manhajar Debian

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa babbar manhajar Windows 10. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba kowace kwamfuta take hawa ba, don tana buƙatar wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesa ta zamani. Wannan sharaɗi ya bar tsofaffin kwamfutoci masu yawa a baya, irin na hannu da ake sarowa daga Kano a kai shagunan buga takardu da wuraren koyon kwamfuta a garuruwa kamar Karaye da Rogo. Lafiyarsu ƙalau, manhajar ce ta juya musu baya.

Wata biyu kafin wannan rana, wato 9 ga Agusta, 2025, wata babbar manhaja ta fitar da zubinta na 13. Sunanta Debian, kyauta ce, kuma tana hawa kan mafi yawan waɗannan kwamfutoci. Ta zo da ƙunshin manhajoji sama da 69,000. A kanta aka gina Ubuntu, da Kali Linux da matasa masu koyon tsaron intanet suka sani, da manhajar kwamfutar Raspberry Pi. Babu kamfanin da ya mallake ta. Mambobinta kusan dubu ɗaya ne, warwatse a ƙasashen duniya, kuma Debian ba ta biyan su albashi. To wa ke haɗa kan waɗannan mutane har su gama aiki a rana ɗaya?

Sarautar shekara ɗaya

Wani ɗalibin jami'a a Amurka, Ian Murdock, shi ya kafa Debian a watan Agustan 1993. Bayan ya sauka, aikin ya yi wa kansa yarjejeniya da al'umma a 1997, sannan ya yi kundin tsarin mulki a 1998. A farko-farkon kundin akwai wata doka da ta bayyana komai game da shugabancin Debian: ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Wanda ba ya son aikin da aka ba shi yana iya ajiye shi. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya yi wa hukuncin da aka yanke bisa ƙa'ida zagon ƙasa.

Mutumin Karaye ko Rogo ba zai ga baƙon abu a nan ba, don haka gayya take. Mai gona ya kira jama'a, ya tanadi tuwo da fura, amma ba shi da ikon ya tsawata wa wanda ya makara, ko ya rage wa wani lada, tun da babu ladan. Abin da ke sa a cinye gonar kafin la'asar shi ne mutuncin mai gayyar, da kunyar idon juna, da sanin cewa gobe gonar wani za a shiga.

Mambobi ke zaɓen shugaban Debian a kowace shekara, wa'adinsa kuma yana farawa a watan Afrilu. A takardar ƙuri'a har akwai zaɓin a ce duk 'yan takarar ba su yi ba. Jonathan Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya riƙe kujerar daga 2020 zuwa 2024, sannan Andreas Tille na Jamus ya gaje shi, kuma a hannunsa zubi na 13 ya fito. Aikin shugaba shi ne ya yi magana da yawun Debian, ya amince da kashe kuɗin gudummawa, ya sasanta masu saɓani, ya kuma naɗa wakilai a kan muhimman ayyuka. Da zarar wakilin da ya naɗa ya yanke hukunci, shugaba ba shi da ikon warware shi. Saɓanin fasaha da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai kwamiti na musamman da ake kai wa. Idan abin ya fi ƙarfin kwamitin, sai a koma ga ƙuri'ar dukkan mambobi.

Ranar fitar da sabon zubi ma ba shugaba ke sa ta ba. Wannan yana hannun wasu 'yan tsirarun wakilai, ayarin fitar da zubi. Su ma ba su da ikon sa kowa ya gyara komai. Makaminsu guda ɗaya ne: ƙofar shiga sabon zubi a hannunsu take, suna iya cewa a'a.

Ɗaki uku kafin a fito

Kowane ƙunshin manhaja a Debian yana da mai kula da shi, mutum ɗaya ko ayari. Idan mai kula ya sabunta ƙunshinsa, sai ya jefa shi ɗaki na farko, wanda ake kira Sid. Sunayen zubin Debian duk daga 'yan wasan fim ɗin zane na Toy Story aka ɗauko su, Sid kuwa shi ne yaron nan mai fasa kayan wasa. A wannan ɗaki abubuwa na lalacewa, kuma kowa ya san da haka.

Ɗaki na biyu shi ne na gwaji. Wata manhaja ce mai aiki da kanta take tsallakar da ƙunshi zuwa can, bayan ya yi 'yan kwanaki a Sid, galibi biyar, ba tare da an gano wani sabon babban aibi a jikinsa ba, kuma ya ginu lafiya a kan nau'o'in firosesa da ake tallafawa. Babban aibi shi ne irin wanda zai lalata bayanan mai kwamfuta, ko ya buɗe ƙofa ga ɓarayin intanet, ko ya hana manhajar aiki gaba ɗaya. Ƙunshin da aka samu da irin wannan aibi, mai shi kuma ya yi biris, ana gargaɗinsa, daga nan a cire ƙunshin daga ɗakin gwaji, sai fa idan yana cikin ginshiƙan da sauran suka dogara a kansu. Babu faɗa, babu tara. Wanda ke son aikinsa ya shiga sabon zubi, shi zai tashi ya gyara.

Ɗaki na uku shi ne tsayayyen zubi, wanda jama'a ke saukewa. Amfanin wannan dogon zagaye ya fito fili a ƙarshen Maris 2024, lokacin da wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Gurɓataccen zubin ya shiga Sid, ya shiga ɗakin gwaji, amma bai kai ga tsayayyen zubi ba.

Daskarewa

Idan fitowa ta ƙarato, sai ayarin ya fara rufe ƙofa sannu a hankali. Wannan shi ake kira daskarar da ɗakin gwaji. A zubi na 13, mai suna Trixie, matakai huɗu aka bi a 2025. Ranar 15 ga Maris aka hana manyan sauye-sauye da ke girgiza sauran manhajoji. Ranar 15 ga Afrilu aka hana sababbin ƙunshi shiga, wanda aka cire ma ba zai dawo ba. Ranar 15 ga Mayu muhimman ƙunshi suka koma sai da izinin ayarin. Daga 27 ga Yuli kuwa, ko gyaran harafi ɗaya ne, sai wani daga ayarin ya duba da idonsa ya sa hannu.

A nan ake gane shugabanci. Mutum ya kwashe watanni yana aiki da dare bayan ya taso daga wurin neman abincinsa, ya kammala sabon abu, ya makara da mako ɗaya, a ce masa sai zubi na gaba, wato nan da shekara biyu. Ba a biyansa, don haka babu abin da zai hana shi fushi ya tafi. Abin da ke sa mafi yawansu haƙuri shi ne an sanar da ranakun tun da wuri, dokar a rubuce take, kuma ana tattauna kowace buƙata a bainar jama'a. Wanda aka hana yana iya ganin cewa an hana wanda ya fi shi daɗewa a aikin.

A lokacin daskarewa mambobi kan shirya zaman gyara a birane daban-daban, su kwashe ƙarshen mako suna rage jerin manyan aibobi. Al'adar Debian ita ce ba a fitowa sai an shirya. Sai jerin ya yi ƙasa sosai ayarin ke sanar da rana.

Ranar da kuɗi ya shiga gayya

Wannan tsari da gumi aka same shi. Bayan zubin Yulin 2002, sai da aka yi kusan shekara uku kafin na gaba, Sarge, ya fito ranar 6 ga Yuni, 2005. Jama'a sun gaji da jira. A tsakiyar wannan jira ne attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da Ubuntu a Oktoban 2004, da ma'aikata masu albashi da alkawarin sabon zubi duk wata shida.

Don kada a maimaita, a 2006 shugaban lokacin, Anthony Towns, da wasu mambobi suka ɓullo da wani shiri a gefe mai suna Dunc-Tank. Manufarsa a tara gudummawa a biya jagororin fitar da zubi su biyu, Steve Langasek da Andreas Barth, dala 6,000 kowannensu, su yi wata guda ba su aikin komai sai wannan, domin a fito a Disamba. Mai gayya ya zaɓi mutum biyu cikin taro ya ce su kaɗai zai biya. Wasu suka ajiye fartanya, wasu suka rage hannu. Har ƙuri'ar tsige shugaban aka kaɗa, ko da yake ya tsallake. Disamba ta zo ta wuce, zubin bai fito ba sai 8 ga Afrilu, 2007.

Daga wannan lokaci, Debian ba ta sake kuskure zagayen kusan shekara biyu ba: 2009, 2011, 2013, har zuwa 2025. Sanya ranakun daskarewa tun da wuri da barin na'ura ta yi gwaji da cire ƙunshi sun yi abin da kuɗi bai yi ba.

Hukunci biyu da suka iso har shago

Muhawarar waɗannan mutane na iya yi wa mai karatu kama da abin da bai shafe shi ba. Hukunci biyu sun isa su nuna akasin haka.

Na farko, kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa suna buƙatar wata 'yar manhaja ta kamfanin da ya ƙera sashen Wi-Fi kafin sashen ya yi aiki. Kamfanoni ba sa bayyana yadda suka rubuta ta, Debian kuwa ta yi alkawarin cewa duk abin da ke cikinta buɗaɗɗe ne. Shekara da shekaru mutum zai girka Debian ya tarar ba Wi-Fi, kuma yana buƙatar intanet kafin ya sauko da abin da zai ba shi intanet. A 2022, zamanin Carter, aka kai batun ƙuri'a bayan wani tsohon shugaba, Steve McIntyre, ya taso da shi. Sai da aka samu rinjayen uku bisa ɗaya, don an taɓa yarjejeniyar 1997. Daga zubi na 12, na 10 ga Yuni, 2023, waɗannan 'yan manhajoji suna zuwa cikin fayil ɗin girkawa. Ga mai gyaran kwamfuta da ke sayen data da awo, bambancin ba kaɗan ba ne.

Na biyu bai yi wa masu tsofaffin na'urori daɗi ba. Zubi na 13 ya daina hawa kan kwamfutoci masu firosesa ta bit 32 irin ta mafi yawan masu Pentium 4 da ƙananan kwamfutocin nan masu Atom ta farko. Masu ɗaukar nauyin kula da wannan ɓangare sun yi ƙaranci, kuma ba wanda za a tilasta wa. Mai irin wannan na'ura sai ya tsaya a zubi na 12, wanda aka tsara tallafa masa har tsakiyar 2028. Mai kwamfutar bit 64 kuwa, ko da ta shekara goma sha biyar ce, zubi na 13 na da tallafin shekara biyar daga ranar fitowarsa.

Ina Hausa a ciki?

Darasin hukunci na biyu ya shafi harshe kai tsaye: abin da ba shi da mai kula, ba ya shiga. A yanzu akwai allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ a cikin Debian, na Najeriya da na Gana, akwai kuma tsarin kwanan wata da kuɗi na Hausar Najeriya. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo. Yau ba a jin ɗuriyarta, amma wani ɓangare na fassarar da aka yi mata ya shiga GNOME, fuskar da Debian ke zuwa da ita, kuma abin da aka zuba a rumbun jama'a shi ya rayu. Sai dai GNOME ta sauya sosai tun daga lokacin, fassarar kuma ba ta bi sawunta ba.

Fassara ba ta buƙatar digiri a kimiyyar kwamfuta. Malamin Hausa a makarantar sakandare da mai shagon kwamfuta da ɗalibi ɗaya mai naci sun isa su kafa ayari, matuƙar ɗaya daga cikinsu zai ɗauki nauyin raba aiki, da daidaita kalmomi, da sa ido kan ranakun rufe ƙofa. An riga an raɗa wa zubi na 14 suna Forky, kuma idan aka bi zagayen da aka saba, a 2027 zai fito. Ke nan za a fara daskarewa watanni kafin haka. Fassarar da ta iso kafin a rufe ƙofa za ta bi zubin zuwa duk kwamfutar da aka girka shi. Wadda ta makara, sai ta jira wasu shekara biyu.