Matakan da Ake Bi Kafin Ticocinmu Su Shiga Yajin Aiki

Da yawa daga cikinmu a nan Kwadaso karatu biyu muke yi, na Arabiyya da na boko. Su kuwa ticocin boko, ko a makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES, ita ce uwar gijiyarsu, gwamnati ke biyansu. Shi ya sa idan an ce yajin aiki, mu ma yana taɓa mu. To amma yaji ba ya faɗowa daga sama. Akwai matakai da doka ta shimfiɗa kafin a kai can, kuma su muke so mu bayyana.

Mas'alar farko: me ya sa tica ba ya zuwa shi kaɗai ya nemi ƙarin albashi? Saboda tsintsiya ɗaya ba ta shara. Idan mutum ɗaya ya je ofis da kukansa, sai a ce ya dawo gobe. Don haka ticoci suka haɗu cikin ƙungiyoyi. Mafi tsufa ita ce GNAT, wadda asalinta ya koma 1931, tun ƙasar nan ana ce mata Gwal Kos. Akwai NAGRAT ta masu digiri, akwai CCT, akwai kuma TEWU da ta haɗa sauran ma'aikatan makarantu. Wakilansu ke zama da gwamnati su yi ciniki da murya ɗaya a kan albashi, alawus, ƙarin girma da hutu. Abin da aka daidaita a kai sai a rubuta, kowa ya sa hannu, ya zama yarjejeniya mai wa'adi wadda ta hau kan ɓangarorin biyu.

A ɓangaren gwamnati, mai riƙe da bakin ciniki ita ce Hukumar Daidaita Albashi da aka kafa da dokar 2007. Ita ke kula da tsarin albashi na bai ɗaya wanda ya fara aiki a 2010, inda aka jera ma'aikatan gwamnati a kan tsani guda.

Mas'ala ta biyu: idan ciniki ya ƙi fa? Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Mutum bakwai ne a cikinta: biyu na gwamnati, biyu na masu ɗaukar ma'aikata, biyu na ƙungiyoyin ma'aikata, sai shugaba. Matakin farko, ɓangarorin su zauna su kaɗai. In ba su daidaita ba, sai a sa mai shiga tsakani, wanda aikinsa lallashi ne da kusanto da juna, ba ya yanke hukunci. In wannan ma ya ƙi, sai su yarda a ba mai raba gardama, shi kuwa abin da ya yanke ya zauna. Sai bayan waɗannan hanyoyi sun toshe ne ƙungiya za ta ba da sanarwar kwana bakwai a rubuce cewa za ta ajiye aiki. Ko an fara yajin ma, idan ya kwana bakwai babu mafita, doka ta ce a kai maganar ga hukunci na dole. Kun ga ke nan yaji shi ne matakalar ƙarshe.

Bari mu kawo misali biyu da muka gani da idonmu. A ranar 4 ga Yuli 2022 ƙungiyoyin nan huɗu suka ajiye alli. A lokacin tsadar kaya ta kusa kashi 30 cikin 100, sidi yana ta faɗuwa, albashi kuma yana nan inda yake. Suka nemi alawus na tsadar rayuwa, aƙalla kashi 20 cikin 100. Bayan kamar kwana goma aka daidaita a kan kashi 15, kuma ba ticoci kaɗai suka samu ba, har da sauran ma'aikatan gwamnati. Babu wanda ya sami duk abin da ya so, haka sulhu yake.

Na biyu, a ranar 20 ga Maris 2024, GNAT da NAGRAT da CCT suka sake fita. Daga cikin dalilansu, yarjejeniyarsu ta ƙare tun 2023 ba a sabunta ba, ga kuma kwamfutocin hannu da aka yi alkawari wasu ba su samu ba. Hukumar Ƙwadago ta kira ɓangarorin, a farkon Afrilu aka koma aji. A nan darasin a fili yake: da an zauna a kan lokaci an sabunta takarda, da mako biyun nan bai salwanta ba.

Wa ke ɗaukar asarar? Mu ne. Ranar jarrabawar BECE ko WASSCE ba ta jiran wanda bai gama manhaja ba. Mai hali zai kai ɗansa makarantar kuɗi ko ya ɗauko mai koya masa a gida. Ɗan Zango da yawa kuwa sai dai a ce ya bi uwa kasuwa ko ya tsaya a shago, wani ma daga nan zuciyarsa ta bar karatu. Amma kuma tican da kuɗin mota ya cinye rabin albashinsa, ba zai tsaya gaban allo da natsuwa ba. Haƙƙinsa da namu a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Saboda haka roƙonmu ga iyaye shi ne, idan an ji labarin yaji a rediyo, kada a tsaya ga zagin ticoci ko zagin gwamnati. A tambaya: yarjejeniyar tana da sauran wa'adi? An je gaban Hukumar Ƙwadago? Wa aka kira bai zo ba? A yi waɗannan tambayoyi a taron iyaye da malamai, a yi wa ɗan majalisa ma idan ya zo neman ƙuri'a. Mu kuma ɗalibai, in aji ya rufe, mu haɗa kanmu mu yi muraja'a, manya su ja ƙanana.