Ƙauna a Bakin Jinga

Duk daminar da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri kan kwana suna cika buhuna da ƙasa domin tare ruwa. Abin da ke tayar da magidanci tsakar dare ya nufi jinga shi ne son iyalinsa da gonar shinkafarsa. Koyarwar Kirista ba ta raina irin wannan so. Marubucin nan na Birtaniya, C. S. Lewis, a littafinsa na 1960 kan ƙauna iri huɗu, ya ɗauki shaƙuwar jini da abota da soyayyar miji da mata a matsayin baiwar Allah. Gargaɗinsa shi ne, duk wadda aka bari ta yi sarauta ita kaɗai takan lalace.

Mutumin fadama ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ruwan da wani gari ya tare ba ɓacewa yake yi ba, garin gaba yake nufa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kacalla ta toshe magudanai, manomi da masunci da makiyayi suka matsu a wuri guda. Kowannensu abincin 'ya'yansa yake karewa, kuma daga nan rigima kan tashi. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa ciwon ɗan Adam shi ne rashin ajiye kowane so a muhallinsa.

Ƙauna ta huɗu a littafin Lewis ita ce wadda ba ta tambayar dangi ko riba. Misalinta na cikin Bisharar Luka, sura ta 10, inda Basamariye ya yi jinyar baƙon da manyan addini suka wuce. Kiristocin ƙasar Haɗeja tsiraru ne, don haka maƙwabcin da wannan koyarwa ke nuna musu galibi Musulmi ne, wanda shi ma addininsa ya tsananta haƙƙin maƙwabtaka. A ganina, majami'ar da ta tara hatsi da tabarmi bayan ambaliya, ta raba wa 'yan ikilisiyarta kaɗai, zumunci ta yi, kuma abin yabo ne. Amma ya kamata takardar rabon ta kai har rugar Fulani da unguwar masunta.