Sa Sabon Falle A Ƙofar Land Rover

'Yan'uwa manoma, motar ƙungiyarmu ita ce mai kawo mana taki, ita ce kuma mai kai marasa lafiya asibiti. Bara gindin ƙofarta ya ruɓe, muka kai wa mai walda. Da ya sa wuta sai fallen ya narke, kuɗinmu ya tafi a banza.

Ga dalili. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi, saboda haka aka yi jikinta da alminiyum. Amma firam ɗin ƙofar na baƙin ƙarfe ne. In laima ta shiga tsakanin su biyun, sai alminiyum ya riƙa cinyewa. Shi kuwa ba ya yin ja kafin ya narke.

Bana muka canja dabara. Muka kwance ƙofar, muka ɓamɓare tsohon fallen, muka kankare tsatsar firam, muka shafa masa fenti domin kada ƙarafan biyu su taɓa juna. Da ya bushe muka ɗora sabon fallen, muka lanƙwasa bakinsa a kan firam da guduma sannu sannu, da katako a ƙarƙashi. Ba mu ɗaure notuna tamau ba sai da muka ga ƙofar tana rufuwa daidai.

Ku duba gindin ƙofofin motarku kafin damina, ku buɗe ramukan da ruwa ke fita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.