Sarakunan Zamanin Yesu: Me Tarihi Ya Tabbatar Game da Littafi Mai Tsarki?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau za mu taɓo maganar da ke yawan haɗa matasanmu faɗa a Facebook. Wani zai ce masu haƙar kayan tarihi sun tabbatar da Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Wani ya ce sam, ai duk ƙage ne. Ni kuwa ina ganin akwai wurin da za mu iya gwada maganar ba tare da zagin juna ba, wato sunayen sarakuna da gwamnoni. Me ya sa? Saboda mai mulki ba ya wucewa bai bar sawu ba. Yana buga kuɗi, yana sa a sassaƙa sunansa a dutse, maƙiyansa kuma suna rubutu a kansa.

Bari mu fara da yadda mulkin yake. A zamanin Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS) a wurin Musulmi, ƙasar Falasɗinu tana ƙarƙashin daular Rum. Rumawa sukan bar sarkin gida a kan kujera muddin haraji na shigowa kuma ba a yi tawaye ba, kusan irin yadda Turawan Ingila suka yi da sarakunanmu. Babban sarkinsu a can shi ne Hirudus, wanda ya riƙe Urushalima daga shekara ta 37 kafin Miladiyya har ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya, a lissafin mafi yawan masana. Da ya mutu aka raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa uku. Arkilayus ya samu Yahudiya da Samariya, Antibas ya samu Galili, Filibus kuma ya samu yankunan arewa maso gabas. Arkilayus ya yi zalunci har mutanensa suka kai ƙara Rum, Kaisar Augustus ya tsige shi a shekara ta 6 Miladiyya. Daga nan aka riƙa turo gwamna kai-tsaye.

To kun ga, a ƙasa ɗaya ga sarki, ga ɗan sarki mai ƙaramin muƙami, ga gwamna, kuma abin yana canzawa cikin 'yan shekaru. Marubucin da bai san zamanin ba, nan da nan zai yi tuntuɓe.

A farkon sura ta 3, Luka ya jera masu mulki domin ya nuna lokacin da Yahaya Mai Baftisma ya fara wa'azi: shekara ta 15 ta Kaisar Tibariyus, Bilatus a Yahudiya, Antibas a Galili, Filibus a yankinsa. Tibariyus ya hau mulki a shekara ta 14, ke nan muna maganar 28 ko 29. Josephus, Bayahuden masanin tarihi na wancan ƙarni wanda ba Kirista ba ne, ya nuna Bilatus ya yi gwamna daga wajen 26 zuwa 36, Antibas ya kai 39, Filibus ya mutu wajen 34. Duka sun shiga cikin lissafin.

Shi Bilatus har dutse ya ba da shaidarsa. A 1961, masu bincike 'yan Italiya ƙarƙashin Antonio Frova suka tono wani dutse a tsohon gidan wasan Kaisariya, a bakin teku, ɗauke da sunansa da muƙaminsa da harshen Latin. Tacitus, masanin tarihin Rum wanda ko kaɗan ba ya ƙaunar Kiristoci, shi ma ya ambaci hukuncin da Bilatus ya yanke wa Almasihu a zamanin Tibariyus. Ku lura da kyau a nan: rubutun Tacitus yana nuna abin da aka sani a Rum a zamaninsa. Saɓanin da ke tsakanin Musulmi da Kirista kan gicciye magana ce ta aƙida, kuma ba ita muke yanke wa hukunci a shirin nan ba.

Mu tsallaka zuwa ƙasar Girka. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 18, ya ce an gurfanar da Bulus a Koranti gaban gwamna Galiyo. A farkon ƙarni na 20 aka samu gutsattsarin wasiƙar Kaisar Kalaudiyus da aka sassaƙa a dutse a garin Delfi, tana ambaton Galiyo a matsayin gwamnan Akaya. Lissafin da ke cikinta ya faɗa shekara ta 52. Da yake irin wannan gwamna shekara ɗaya yakan yi, masana suka samu madogara mafi ƙarfi ta lissafa rayuwar Bulus. A Tasalonika ma, Luka ya kira shugabannin gari da wani laƙabi da ba kasafai ake ganinsa a littattafan Girkawa ba, sai ga shi a rubutun tsohuwar ƙofar garin, wanda yanzu yake gidan tarihi na Landan.

Duk wannan gaskiya ne. Amma adalci ya ce mu faɗi ɗaya ɓangaren.

Matiyu ya nuna an haifi Yesu Hirudus yana raye, wato kafin shekara ta 4 kafin Miladiyya. Kar wannan ya rikita ku, kalandar ce aka tsara a baya, a ƙarni na 6, kuma mai lissafin ya kuskure da 'yan shekaru. Matsalar tana wurin Luka, wanda ya haɗa haihuwar da ƙidayar jama'a ta zamanin Kiriniyus, gwamnan Siriya. Josephus ya ce Kiriniyus ya yi ƙidayarsa a shekara ta 6 Miladiyya, bayan tsige Arkilayus. Tazarar kusan shekara 10 ke nan. Wasu malaman Kirista sun ce kalmar Girkancin da aka fassara da "ta farko" tana iya nufin ƙidayar da aka yi kafin ta Kiriniyus. Wasu sun ce ya riƙe muƙami a yankin sau biyu. Masana tarihi da yawa kuma suna ganin Luka ne ya haɗa lokuta biyu.

Akwai kuma inda labari ya zo ɗaya amma dalili ya bambanta. Linjila da Josephus duk sun yarda Antibas ne ya kashe Yahaya. Linjila ta ce saboda ya tsawata masa kan auren Hirudiya, matar ɗan'uwansa. Josephus ya ce tsoro ya ji kada taron da ke bin Yahaya ya zama tawaye, shi ya sa ya kashe shi a sansanin Makerus. Ko a yau, mai mulkin da ya kama mai sukarsa yakan samu dalili fiye da ɗaya.

To me za mu ɗauka a nan? Marubutan nan, musamman Luka, sun san duniyar da suke magana a kanta, sunayensu ba na tatsuniya ba ne. Wanda ya ce Bilatus ko Galiyo ƙage ne, dutse ya ƙaryata shi. Amma dutsen da ya nuna Bilatus gwamna ne bai faɗi abin da aka tattauna a fadarsa ba, bai kuma tabbatar da mu'ujiza ba, bai ƙaryata ta ba. Haka nan ruɗanin shekarar ƙidaya bai goge Galiyo daga tarihi ba. Kowace magana ana auna ta da hujjarta.

Abin da ya sa na damu ke nan, 'yan'uwa. A ƙasarmu mun ga inda gardamar addini ta fara daga waya ta ƙare da asarar rai. Idan ka ga an rubuta "an gano" ko "an tona asiri", kafin ka tura wa wani ka tambayi abu uku: me aka gano takamaimai, a ina kuma yaushe, sannan me ya tabbatar? Kirista ba ya bukatar ƙarin gishiri don ya riƙe imaninsa, Musulmi ma ba ya bukatar musun abin da yake rubuce a dutse don ya riƙe nasa.

Nan za mu dasa aya. Wanda ya ƙaru ya tura wa abokinsa, musamman wanda kuke yawan musu da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.